Homar da Baƙi Suka Saƙa

A duk shekarunta talatin da biyar a duniya, Hope Isuwa ba ta taɓa shiga kogi ba. Da ciwon sikila aka haife ta, kuma tun tana goye likita ya ja kunnen iyayenta a kan ruwan sanyi. Ga shi kuwa a Argungu ta tashi, garin da yaro kan iya iyo kafin ya iya ɗaura wando da kansa.

Mahaifinta, Isuwa, mutumin Nasarawa ne, aikin koyarwa ya kawo shi wata makarantar sakandare a garin. Mahaifiyarta, Sara, tela ce. Katanga ɗaya ce ta raba gidan da suka kama haya da gidan Riskuwa, masunci Bakabe wanda aka fi sani da saƙar homa fiye da kamun kifi. Homa raga ce mai faɗin baki da ake ɗaurawa a jikin lanƙwasasshen itace. Masunci yakan riƙe biyu, ɗaya a kowane hannu, ya nutsa, ya haɗa bakinsu a kan kifi.

'Yar Riskuwa, Ummu Hani, sa'ar Hope ce. In yara suka gangara bakin ruwa da la'asar, Ummu Hani sai ta tuɓe takalmanta ta miƙa mata ta faɗa ruwa, a bar Hope a gindin tsamiya tana gadin takalman unguwa. Nan Riskuwa yake zama da allurarsa ta katako. Ya daɗe yana lura da ita, rannan ya ce, "Ɗiyar Tica, takalman ga ba su gudu. Taho ki riƙa mani nan."

Riƙo ya zama naɗa zare a allura, naɗi ya zama ƙulli. Aikin a ido ba wuya: a zagaya zare a jikin ɗan itacen awo wanda yake daidaita girman idon raga, a soka allura, a danne da babban yatsa, sannan a ja. Amma in aka ja kafin yatsa ya danne wurin da ya kamata, ƙullin sai ya zauna a ƙasa da mazauninsa. Mai kallo ba zai ga aibinsa ba. Sai kifi ya sa ƙarfi, ƙullin ya zame, ido ya buɗe. Kafin Hope ta gama firamare tana yin ƙullin daidai tana hira, ba ta ko duba hannunta.

Da Isuwa ya yi ritaya suka koma Birnin Kebbi, unguwar Badariya. Hope ta yi jami'a a Sakkwato, tana karatu tana kwanciya asibiti, ta fito da takardarta a makare amma da kyau. Aikin gwamnati bai samu ba. Ita da Ummu Hani, wadda aure ya kawo Birnin Kebbi, suka kama shago a Gesse suna ba da hayar rumfa da kujeru da lasifika. Sannu a hankali abin ya zama kamfani mai rajista. Su ke shirya bukukuwan aure, ranar al'adu ta makarantu, taron manoman albasa a Augie. Ummu Hani ce mai baki, ita ke jawo ciniki. Hope ita ce mai tsari. An san ta da abu ɗaya a duk inda suka yi aiki: ko wane ne ya kafa rumfa, sai ta bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya ta ja kowacce da hannunta kafin ta yarda a jera kujeru.

Wata damina ciwon ya tashi, aka kwantar da ita. Mahaifinta yakan zo da jaridarsa ya zauna a gefen gado, in ya gama ya bar mata. A ciki ta ga sanarwar. Za a yi baje kolin duniya a wata ƙasa mai nisa, inda kowace ƙasa take gina rumfarta ta nuna abin da take da shi, wata shida ana yi. Ana neman kamfanin da zai ɗauki kwangilar tsara shirin al'adu na rumfar Najeriya daga buɗewa har rufewa. Wanda takardunsa suka tsallake zai je Abuja ya kare shirinsa a gaban kwamiti, tare da gwanayen da ya ce zai tafi da su.

Da Ummu Hani ta kawo mata kunu, Hope ta nuna mata shafin.

"Ke, ƙarin ruwan ga da anka yi miki ya hau kanki?" in ji Ummu Hani. "Mu da babban aikinmu shi na auren ɗiyar ciyaman, shi ma iska ya kusa tahiya da amarya?"

"Igiyar da ban ja ba ce ta kwance."

"To Madam Kwangila, mi za mu kai musu? Kujerun roba?"

Hope ta riga ta yi tunaninta a kan gadon. Ta shirya ranakun al'adu da yawa, ta san yadda abin yake: a yi kiɗa, a yi rawa, a tafa, mutane su kama gabansu, kafin su kai ƙofa sun manta. Ita so take baƙo ya sa hannu a aikin da ba zai ƙare a gabansa ba. A tsakiyar rumfar za a kafa itacen homa. Duk wanda ya shigo, ko daga wace ƙasa, a koya masa ƙulli ɗaya ya yi ya wuce. In an rufe baje kolin, a dawo da ragar Argungu ta shiga ruwa. Masaƙa da marina da masu tukwane daga sauran sassan ƙasar su ma a kan wannan tsari za su yi aikinsu, makaɗa su raka su safe da yamma.

Ummu Hani ta tuna da mahaifinta Riskuwa. Ta ce, "Baba ba shi yarda."

Takardun ba su ba Hope tsoro ba. Ta tara na rajista da na haraji da hotunan ayyukansu, ta rubuta shirin. Mahaifinta ya karanta da jan biro, ya gyara mata waƙafi, ya miƙa mata. Sara kuwa ta ce, ta kuma maimaita: wata shida a ƙasar sanyi, ga wadda ko fanka ba a bari ta kwana a kanta? Bayan wani lokaci saƙo ya zo cewa kamfanin yana cikin waɗanda za su je Abuja bayan girbin shinkafa. Saura Riskuwa. Homa ce zuciyar shirin, kuma a unguwar masunta in Riskuwa ya ce a'a, babu masaƙin da zai ce i.

Ta same shi a ƙofar gida, gemu ya yi fari, allura tana hannu. Suka gaisa, ya tambayi Tica, ya tambayi jiki. Ta zauna a bakin tabarma ta faɗa masa komai. Bai katse ta ba, bai kuma daina saƙa ba.

"Ɗiyar Tica, kin gama?"

"Na gama, Baba."

"Homagga da kika hwaɗi, ta kamun kihi ta, ko ta rataya ga bango a ɗauki hoto?"

"Ta kamun kifi ce."

"To ba ta yiwuwa. Ke da kanki, wata nawa kinka yi kahin ƙullinki ya zauna? Mutum shi shigo daga titi, bai taɓa ganin kihi ba sai cikin miya, shi yi ƙulli guda shi wuce? Ni ba ni tahiya ƙasar mutane in tsaya gaban abin wasa in ce musu wagga ita ta homar Kabawa. In sunka yarda na yi musu ƙarya. In ba su yarda ba na sha kunya."

"Idan na kawo maka wadda baƙin hannu suka saƙa, ta riƙe kifi fa?"

Ya ɗaga kai ya dube ta. Ya san ta tun tana gadin takalma, ya san ba ta faɗin abu don daɗin baki. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, an kusa sa ranar su a wani tabki, ranar da masunta ke taruwa su shiga gaba ɗaya.

"Kawo ta ranar su," ya ce. "Ba hannunki ciki, ba na masunci. In ta riƙa, har ƙarshen duniya ina zuwa. In ta saki, kada ki ƙara yi mani zancen."

Ta fara da inda ta fi sabo. Ranar Lahadi bayan sujada ta tsayar da zumuntar mata a harabar coci, ta nuna musu ƙullin. Mata ne masu saƙar hula da rigunan jarirai, hannunsu da sauri. Suna waƙa suna yi, kafin rana ta karkata sun saƙa abin da ya kai faɗin tabarmar yaro, idanun a jere gwanin kyau. Hope ta yi murna har ta kasa jiran ranar su. Washegari ta ɗauki mota ta kai wa Riskuwa ya gani.

Ya karɓa, ya yaba kyan aikin. Sannan ya miƙe ƙafa, ya saƙala babban yatsan ƙafarsa a ido ɗaya, ya ja da hannu biyu. Ƙullin ya zame. Ya matsa gaba ya ja, wani ya zame. Wuri ya buɗe har hannunsa ya wuce.

"Wagga ko kabewa ta shiga sai ta hita," ya ce. Ba da gatse ya faɗa ba. Ya naɗe ta da kyau ya mayar mata.

A mota tana komawa ta bincika ragar ido bayan ido. Mafi yawan ƙullin daidai suke. Kaɗan ne suka zauna a ƙasa, amma kaɗan ɗin sun isa. Tana iya zama ta bi ta gyara, sai dai ta yi alkawarin ba hannunta. Kuma ko ba alkawari, a baje kolin dubban mutane ne za su wuce kowace rana, babu gwanin da zai iya bin bayan kowa. Abin da Riskuwa ya faɗa gaskiya ne. A gida Sara ta ce mata, "Kin gwada, Allah ya gani. Ki huta." Hope ta ajiye ragar a saman kwaba, ba ta sake taɓa ta ba har ƙarshen mako.

Ranar Asabar suna da biki a Gesse. Da hantsi an kafa rumfuna, Hope tana bin igiyoyi tana ja kamar kullum, Ummu Hani tana biye da ita tana mita.

"Wanga ni niɗ ɗaura shi da hannuna, shi ma sai kin ja? Ke dai ba ki yarda da ƙullin kowa ba sai kin jijjiga shi. Ko ranar aurenki sai kin ja ɗaurin kallabin uwar ango."

Hope ta tsaya da igiya a hannu.

"Sake faɗa."

"Kallabin uwar ango?"

"A'a. Ba sai gwani ya bi bayan kowa ba, Ummu. Kowa ya bi bayan wanda ya gabace shi."

Ka'idar ke nan, kuma ba ta canza ta ba har ƙarshe. Ba wanda zai yi ƙullinsa sai ya fara kama na wanda ya riga shi ya ja da iyakar ƙarfinsa. In ya tsaya, ya yi nasa. In ya zame, ya kwance ya sake yin na wancan, sannan ya yi nasa. Gane ƙulli mai kyau da ido sai gwani, amma ja kowa ya iya.

Lokaci ya ƙure, homa ɗaya kawai za a iya gamawa. Suka ɗaura itacen a bayan a-kori-kurar da suke ɗaukar kujeru, suka shiga gari da shi. Suka koma wa zumuntar mata. Suka je Islamiyyar matan aure inda Ummu Hani take karatu. Suka je tashar mota, suka je asibiti ranar da masu sikila ke ganin likita, suka je kasuwar albasa a Augie. Zare in ya ƙare sai a sayi wanda aka samu, shi ya sa ragar ta fito fari da shuɗi da kore. Ka'idar ta jawo abin da Hope ba ta zata ba: mutum in ya yi ƙullinsa ba ya tafiya, sai ya tsaya ya ga ko zai tsira a hannun na bayansa. A tasha wani mai shayi ya zame ƙullin fasto, aka yi ta shewa, faston ya koma bayan layi ya ce sai ya rama. A Augie wani manomi ya ƙi jan na surukinsa, ya ce kunya yake ji. Surukin ya ce, "Ja, ɗan nema, ɗiyata ma ja ka yi har ka raba ni da ita."

A gida aka yi na ƙarshe. Isuwa ya sa tabarau, ya ja na wanda ya gabace shi, ya yi nasa a tsanake kamar mai rubutu a allo. Babu kowa a bayansa sai Sara, wadda take kan keken ɗinkinta ta juya musu baya tun da aka shigo da itacen. Ba wanda ya kira ta. Can keken ya yi shiru. Ta taso, ta kama ƙullin mijinta ta ja, ya zame.

"Shekara talatin kana koyar da 'ya'yan mutane," ta ce, "ƙulli ɗaya ya gagare ka."

Ta kwance, ta sake, ta yi nata. Sannan ta ce wa Hope, ba tare da ta dube ta ba, "In tafiyar ta tabbata, rigunan sanyi ni zan ɗinka. Ban yarda da na kanti ba."

Ranar su rana ta take sosai. Masunta sun kewaye tabkin da gorunansu, manyan goran da ake kwanciya a kai a yi iyo a kuma zuba kifi a ciki. Munzali, ɗan Riskuwa, shi zai gwada. A hannun dama ya riƙe homar mahaifinsa, a hagu ta baƙi. In kifi ya kuɓuce, kowa zai ga ta inda ya fita. Abokansa suka sa shi gaba.

"Munzali, gidan sauron wa ka sato?"

"Bar shi, kwalliya yaz zo yi ma kihi!"

Hope tana tsaye a kan tudu da lema, Riskuwa yana zaune kusa da ita a kan buzu. Aka ba da izini, tabkin ya cika da mutane da ihu. Munzali ya nutsa ya taso da ciyawa. Ya sake, ya taso da 'yan ƙananan karfasa waɗanda ba su isa gwada komai ba. Hope ta ji ƙafafunta suna so su gangara, ta tsaya inda take. Rana ta fara karkata, wasu har sun fara fitowa. Sai Munzali ya matsa wajen wani gurbi mai zurfi, ya nutsa, ya jima. Da ya taso, hannuwansa biyu a haɗe suke, ruwa yana tashi fari a gabansa. Tarwaɗa ce, doguwa kamar hannun babban mutum, kuma duk ƙarfinta a ɓangaren hagu take zuba shi. Ragar ta miƙe har ana ganin launukan zaren. Munzali ya taka a hankali zuwa gaɓa, ya juye ta a kan ciyawa.

Riskuwa bai dubi kifin ba. Ya karɓi homar tana ɗigar ruwa, ya miƙe ƙafa, ya saƙala yatsa a daidai inda tarwaɗar ta daka, ya ja. Ya matsa ya ja. Ya bi ta gefe zuwa gefe, masunta sun zagaye shi. Da ya gama ya ajiye ta a kan cinyarsa.

"Mummuna ta," ya ce. "Ban taɓa ganin homa mai munin wagga ba." Ya share hannu a riga. "Ɗiyar Tica, can Abuja da babbar riga aka shiga, ko da ta aiki?"

Ummu Hani ta kyafe tarwaɗar ta ce a kai wa kwamiti shaida. Hope ta ce za a ɗauka cin hanci ne, suka cinye ta a hanya.

A Abuja sun tarar da kamfanoni masu manyan allunan nuna hoto da 'yan rawa cikin kaya iri ɗaya. Hope ta kalli wasu ta ƙofa, ta ga sun iya aikinsu, ba ta raina kowa ba. Da aka kira su, suka shiga su uku da itacen homa wanda aka fara sabuwar saƙa a kai, da tsohuwar mai launi uku wadda har lokacin ƙarnin kifi bai bar ta ba. Ta yi bayanin shirin da Turanci, a taƙaice. Sannan ta roƙi shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai farin gilashi, ta taso ta yi ƙulli. Riskuwa ya nuna mata da hannu, ba tafinta. Ta yi. Hope ta kira na kusa da ita, wani ma'aikaci mai kwat, ta faɗa masa ka'idar. Ya dubi ƙullin, ya dubi shugabarsa, ya taɓa shi da kan yatsa.

"Hwaɗa mashi shi ja," in ji Riskuwa. "Kihi ba shi sanin shugaba."

Hope ta fassara yadda ya faɗa. Dattijuwar ta yi dariya ta ce a ja. Ya ja, ƙullin ya tsaya. Ta ɗaga hannu kamar wadda ta ci gasa, kuma ba ta koma kujerarta ba sai da ta ga na mai kwat ɗin ya sha ja a hannun na bayansa.

Daga nan tambayoyi suka zo, masu nauyi. Baje kolin na nuna ci gaba ne, me ya sa za a kai tsohuwar sana'a? Hope ta ce kowace ƙasa za ta nuna abin da baƙo zai kalla, ita tana so a sami rumfa ɗaya da baƙo zai bar wani abu nasa a ciki ya kuma tambayi inda za a kai shi. Layi fa, in mutane suka yi yawa? Ta nuna yadda za a kafa itace da yawa a ranakun cunkoso. Manoma da masunta za su bar aikinsu wata shida? Ta ce a'a, rukuni-rukuni za su je, kowa a lokacin da gonarsa ko ruwansa ba ya bukatarsa, ta kuma nuna jadawalin. Wani ya tambayi lafiyarta, domin ta rubuta gaskiyar ciwonta a takardun. Ta ce ta shirya wanda zai riƙe aikin duk ranar da ta kwanta, ga ta nan zaune, ta nuna Ummu Hani.

Bayan makonni aka kira ta a waya tana tsakiyar lodin kujeru. An ba su. Ta gode, ta kashe wayar, ta ƙarasa ƙirga kayan da ke motar, sannan ta zauna a bakin shago ta kira gida.

Ta yi wata shidan. Rigunan Sara biyu take sawa a haɗe. Sau ɗaya ta kwanta asibiti a can, Ummu Hani ta riƙe aikin kamar yadda aka tsara. Riskuwa, wanda aka shirya zai yi rukunin farko ya dawo, ya ƙi dawowa sai da aka rufe. Bai koyi kalma ko ɗaya ta harshen mutanen ba, amma yaransu sun koyi cewa "ja". Ba homa ɗaya aka dawo da ita Argungu ba, da yawa ne, aka raba wa masunta. Suna cikin ruwa har yau, an yi musu faci, ba a bambanta su da sauran sai ta launin zare.

Damina ta biyu bayan dawowarsu ciwon ya tashi, bai sauka ba. Ta rasu a Birnin Kebbi da rana, iyayenta suna wurin.

A ƙofar gidan Badariya aka yi zaman makoki, a ƙarƙashin rumfunan kamfaninta. Ummu Hani ce ta tsaya aka kafa su. Riskuwa ya zo daga Argungu da Munzali da masunta cike da mota. Ya gaisa da Isuwa, ya yi masa ta'aziyya, aka nuna masa kujera. Bai zauna ba. Ya tafi wajen igiyar farko, ya kama ta da hannu biyu ya ja. Ya wuce ta biyu. Mutane suka bi shi da kallo yana zagaya rumfunan, tsoho cikin babbar rigar da ya je Abuja da ita. Da ya kai ta ƙarshe ya dawo, ya dubi 'yarsa.

"Sun zauna," ya ce.

Sannan ya ja kujera kusa da Tica.